Ranar da Inna Ta Yi Dariya a Ɗakin Wankan Gawa

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata makarantar firamare a Tasawa, mahaifiyata ta yi wani abu da ya sa na yi wata uku cur ban taka garinmu ba. Yau na ga ya kamata in ba ku labarin, tunda an daɗe da gama shi, kuma manyan da abin ya shafa duk sun riga mu gidan gaskiya.

Garinmu ƙauye ne a yankin Hawandawaki, irin wanda in ka sauka daga mota sai ka hau kabu-kabu ka sha yashi har cikin haƙora kafin ka isa. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ita ce mai wankan gawar mata a garin, sama da shekara talatin. Ba sana'a ba ce, ba wanda ke biyan ta. In mace ta rasu sai a aiko, ta ajiye duk abin da take yi, ta ɗauki ƙwaryarta da sabulu da ganyen magarya, ta ɗaure zani ta tafi. In ta dawo ta yi wanka, ta ci gaba da surfenta daga inda ta tsaya.

Tsohuwar da ta koya mata aikin ta kafa mata sharaɗi guda: abin da ta gani a ɗakin wanka, a ɗakin zai tsaya, mai kyau ne ko marar kyau. Na taɓa yi mata gardama a kan haka, da yake ni ce auta kuma ni kaɗai na yi lakkwal, wato boko, a gidan, ina ganin duk ilimin duniya a jakata yake. Na ce mata malamai sun halatta a faɗi alheri in an gan shi. Ta ce ta sani. Amma in yau ta fito ta yabi gawar wance, gobe ta fito daga wata ta yi shiru, to shirun nan ya zama magana. Shi ya sa ba ta cewa komai a kan kowa, kuma shi ya sa matan garin ke sakin jiki su miƙa mata iyayensu da 'ya'yansu.

Inna tana da ƙawa tun suna 'yan mata, gidanta na kallon namu. Ba jini tsakaninmu, amma Gwaggo muke ce mata. Komai tare suke yi, har goro ɗaya suke rabawa. Gwaggo 'yarta mace ɗaya ce tak, sa'ata, tare muka yi tallan gyaɗa muna yara. An yi mata aure a garin Gidan Amumune, tana da yara biyu, mijin ya tafi Libiya neman kuɗi ya shekara biyu bai leƙo ba. Sai ciwo ya kama ta, aka dawo da ita gida ta rame ƙwarai, ciki kuma ya kumbura. Kwana biyar ta yi a ɗakin uwarta ta cika.

Ina wurin ranar. Da aka buga mini waya na ɗauki izini na taho, na iso da hantsi. Mu mata muna zaune a tsakar gida, maza suna waje da makara suna jira, Inna da mata biyu masu zuba mata ruwa suna ciki. Gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai zubar ruwa da sheshsheƙar wani can. Sai muka ji dariya daga cikin ɗakin.

Ba ƙaramar dariya ba ce da za a ce tari ne ya suɓuce. Ƙyaƙyatawa ce, mai tsawo, ta tsaya ta sake tashi. Kuma ba wanda bai gane muryar ba. Na dubi Gwaggo, na ga ta ɗago kai a hankali tana kallon ƙofar ɗakin. Inna ta ƙarasa wankan, ta yi suturar yadda ta saba, ta fito ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa, hawaye na zuba. Ni ban ga hawayen a matsayin komai ba. Kafaɗun na gani.

Na ja hannunta zuwa gida, na rufe ƙofa, na zazzage mata duk abin da ke bakina. Na ce ta zubar mana da mutunci, na ce da wane ido za mu sake kallon Gwaggo, na ce ko yaran da nake koyarwa sun fi ta sanin inda ake dariya. Ta zauna bakin gado tana kallona. Abin da kawai ta ce shi ne:

"Auta, ban san daga inda ta hito ba."

Maganar ta fito da nauyi, kamar mai tauna abu. Na ɗauka kuka ne ya sa. Washegari na kama hanyar Tasawa ko sadakar uku ban tsaya ba, ina ta faɗa wa kaina aiki ne ya kira ni.

Abin da ya biyo baya a waya nake jin sa, daga matar yayana. Ran sadakar uku Inna ta shirya ta je ba Gwaggo haƙuri. Tana yin sallama, tana haɗa ido da ita, dariyar ta sake kwace mata a gaban mata cike da gida. Gwaggo ba ta ɗaga murya ba. Ta ce a fitar mata da ita, kuma in ta mutu kada a bari Inna ta taɓa gawarta.

Sai gari ya ɗauka. Mutane suka ce mace irin Inna, da ta shekara talatin ba a taɓa jin ko tarinta a ɗakin wanka ba, ba za ta yi dariya haka kawai ba. Wani abu ta gani. Me za ta gani a jikin matar da cikinta ya kumbura, mijinta kuma shekara biyu ba ya ƙasar? Ba sai na ƙarasa muku ba. Maganar ta bi 'yan kasuwa har Gidan Amumune, dangin miji suka kwashe yaran biyu, suka hana su zuwa wurin kakarsu. An je an tambayi Inna, har da mai gari ya aiko mata. Ta ce ba ta maganar ɗakin wanka. Wannan shirun, da a da shi ne mutuncinta, sai ya zama kamar ta sa hannu a kan zancen. Aka daina aiko mata. In mace ta rasu, sai a ɗauko wata daga ƙauyen gaba.

Ni kuwa ina Tasawa ina fushi. In wani ɗan garinmu ya hango ni a kasuwa sai in shige layin masu atamfa.

Bayan wata uku matar yayana ta kira ta ce in zo in ga Inna, ba ta iya ɗaura zani da kanta, fura ma sarƙe ta take yi. Na je. Tana ganina ta fashe da dariyar nan, hawaye na bin kuncinta, tana girgiza mini kai alamar ba ita ba ce. Da ta lafa na kama hannunta na dama. Naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya zaizaye, ya bar rami. Damtsenta yana ɓal-ɓal shi kaɗai, kamar fatar saniya in ƙuda ya sauka. Ta ce tun kafin rasuwar nan take jin matsar tsumma na yi mata wuya, ba ta dai faɗa wa kowa ba.

Zan faɗa muku gaskiya, tunda na ce zan ba da labari. Tsoro ya kama ni, amma ƙarƙashin tsoron akwai wani ɗan sanyi da na ji, wanda har yau nake jin kunyarsa. Na ce a raina ashe ciwo ne. In ciwo ne, likita zai rubuta takarda, ya buga mata hatimi, in kawo in nuna wa gari, kunya ta sauka daga kanmu. Ni mutuniyar takarda ce. Ban taɓa ganin matsalar da takarda mai hatimi ba ta warware ba.

Muka fara da asibitin Tasawa. Aka auna jini aka ce ba hawan jini, ba sukari, ba kuma irin shanyewar ɓarin jikin da aka sani ba ce, tunda a hankali abin ke ci. Aka tura mu Maradi, aka sa ta a sikana, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, hoton ya fito ba a ga komai ba. Likitan can mutumin kirki ne, bai ce mana mu je gida mu sha bitamin ba. Ya ce abin ya fi ƙarfin na'urarsa, mu je Yamai wurin likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, akwai wani hoto da ake kira IRM da ke ganin abin da sikana ba ta gani. Yayana ya ɗauki nauyin tafiyar, ni na ɗauki Inna.

Tafiyar nan ta wahalar da ita. A cikin kar, babbar motar fasinja, wata mata kusa da mu ta ba da labarin ɗanta da ya rasu, Inna ta soma dariya, na yi ta rantsuwa ina ba da haƙuri har Dosso. Wannan ne karo na farko da na tsaya a gefen Inna a kan dariyar, ba a gabanta ba.

Likitan Yamai dattijo ne mai furfura, yana jin Hausa sosai. Bai yi gaggawa ba. Ya ƙwanƙwasa gwiwoyinta da 'yar guduma, ƙafar ta yi tsalle har ta kusa shurinsa. Ya sa ta fito da harshe, ya daɗe yana kallon yadda yake rawa. Ya sa aka yi mata wani gwaji na allurai da ake tsirawa a nama ana sauraron ƙararsa a na'ura. Sannan ya rubuta mana ranar hoton.

Ranar hoton, wata ma'aikaciya mai kimanin shekarun babbar yayata ta karɓe mu. Ta ce na'urar maganaɗisu ce mai ƙarfin gaske, ba a shiga da ƙarfe ko ƙanƙani. Aka cire 'yan kunne, aka cire allurar ɗankwali, har kwallin idonta aka ce ta wanke don yana ɓata hoton. Inna ta yi gunaguni, ta ce rabonta da fita ba kwalli tun takabar Baba. Na'urar kuwa kamar ƙatuwar randa ce aka kwantar, da rami a tsakiya, da gado siriri da ke shigewa ciki. Ma'aikaciyar ta ce za a yi kusan rabin awa, ƙara za ta yi yawa kamar injin niƙa, kuma sharaɗi ɗaya ne: kada kai ya motsa ko kaɗan.

Ni dai na san za a rina. Ina tsaye bayan gilashi, ba a yi minti biyar ba na ga ƙafafun Inna na rawa. Dariyar ta zo. Hoton ya dagule, aka fito da ita tana haki, ido jawur. Zuciyata ta yanke, na ce shi ke nan, mun sha wannan doguwar hanya a banza, ga layin mutane na jira a waje.

Matar nan ba ta ɓata rai ba. Ta gyara wa Inna zani, ta rufe mata ƙafafu da farin ƙyalle kafin ta taɓa ta, ta ba ta lokaci. Sannan ta sunkuya ta tambaye ta ko akwai wani aiki da ta iya da ka, wanda ke da farko da ƙarshe, wanda hannunta ya san shi ko ido rufe. Inna ta ce akwai. Matar ta ce to ta yi shi a zuci, a hankali, kada ta tsallake komai, in ta gama ta sake farawa. Ba ta tambaye ta wane aiki ba ne.

Aka sake shigar da ita. Na'urar ta yi ta bugu da gurnani, ni kuma ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Inna ba ta motsa ba har aka gama.

Sai da muka shiga taksi na tambaye ta abin da ta yi a ciki. Ta fara da yabon ma'aikaciyar, ta ce matar nan ta iya sutura, da a garinmu take da ta koya mata aiki. Sannan ta ce wanka ta yi. Ta yi wa mahaifiyarta, daga alwala zuwa ɓarin dama zuwa na hagu, har ɗaurin likkafani. Ta yi wa tsohuwar da ta koya mata. Ta juya tana kallon titi.

"Ta ukku ɗiyar Gwaggonki ce," in ji ta. "Wannan karon na gama mata lahiya lau."



Bayan kwana biyu muka koma wurin likita. Ya kunna hotunan a allo, kan Inna yanka-yanka kamar an yayyanka kabewa. Ya fara da abin da babu: babu ƙari, babu jinin da ya fashe, babu ruɗewar tsufa. Sannan ya nuna mana wasu layuka biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, da suka fi sauran wurin haske, suna gangarowa daga saman kai zuwa wuya. Ya ce nan ce hanyar da umarni ke bi daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa da harshe, kuma hasken nan alama ce hanyar na lalacewa. Ya ce hoton shi kaɗai ba ya yanke hukunci, wasu masu ciwon ma ba a ganin komai a nasu. Amma in aka haɗa shi da gwajin allurai da abin da ya gani da idonsa, ciwon jijiyoyin motsi ne, wanda ba kasafai ake samun sa ba. Ba ya warkewa. Akwai magungunan da ke sauƙaƙa wasu abubuwa, amma jiki zai ci gaba da mutuwa kaɗan-kaɗan, hankali kuwa yana nan garau.

Na tambaye shi dariyar fa. Ya ce ita ma daga nan take. A jikin kowa akwai abin da ke riƙe dariya da kuka kamar linzami, nata ya tsinke. Abin da ke fita a fuska ba shi ne ke cikin zuciya ba, kuma sau da yawa lokacin da baƙin ciki ya fi tsanani ne abin ke kwacewa. Ina jin haka na tuna ranar da na rufe ƙofa ina yi mata faɗa, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Inna tambaya ɗaya ta yi. Ba ta tambayi kwana nawa ya rage mata ba. Ta nuna bakinta ta ce wannan fa, har yaushe zai yi aiki? Likitan ya ce Allah ne masani, amma in tana da maganar da take son yi wa wani, kada ta ajiye ta sai baɗi.

Ni kuwa, ko a cikin wannan hali, ban manta da abin da ya kawo ni ba. Na roƙe shi ya rubuta mini takarda, ya bayyana batun dariyar dalla-dalla, ya buga hatimi. Ya dube ni ta saman tabarau, ya rubuta.

Washegarin komawarmu gida, da la'asar, na sa atamfata mai kyau, na ɗauki ƙatuwar ambulan na nufi gidan Gwaggo. Na same ta tana tsince wake a faifai, ta rame har na kusa kasa gane ta. Maƙwabta suka biyo ni don ganin abin da na ɗauko. Na zaro baƙin hoton na ɗaga shi saitin rana, na shiga bayani kamar ina gaban allo: ga ƙwaƙwalwa, ga layi na dama, ga na hagu, ga linzami ya tsinke. Na karanta takardar da Faransanci, na fassara, na zagaya da ita kowa ya ga hatimin. Wata tsohuwa ta ce oh, ashe haka cikin kan mutum yake. Na ji daɗin kaina sosai.

Gwaggo ba ta ɗaga ido daga wakenta ba sai da na gama. Sannan ta ce Allah ya ba ta lafiya, ta yarda ciwo ne, ba ta ƙaryata likita ba.

"Amma Auta," ta ce, "wannan hoton kan uwarki ne. Ni ba abin da ke cikin kanta ya hana ni kwana ba. Mi ta gani a jikin ɗiyata? Wata bakwai ke nan in na ɗaga hannu zan yi mata addu'a, sai zargi ya riga ni. Ni da na haihe ta. Takardarki ta hwaɗi wannan?"

Na duba takardar kamar wata amsa za ta fito daga bayanta. Na naɗe kayana na fito, ban ma iya sallama da kyau ba. Duk tsawon watannin nan ina ta lissafin kunyarmu, ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa akwai uwa da aka sa wa shakka a kan 'yarta da ke kabari ba.

Na gaya wa Inna yadda muka yi, kalma da kalma. Ta yi kwana biyu ba ta ce uffan a kai ba. Na san abin da take aunawa, alkawarin shekara talatin ne. A rana ta uku da safe ta ce in taimaka mata ta yi wanka, in sa mata kwalli, tunda hannunta ba ya iya riƙe maɗigin. Ina sa mata na tambaye ta sharaɗin tsohuwa fa. Ta ce hannuwanta sun gama wanka, ba wata gawa da za ta sake fitowa daga wurinta a auna shirunta. Kuma bakinta ya riga ya yi magana ran nan ba da izininta ba, ƙarya kuma ya yi, dole ta gyara tun yana motsi.

Tsakanin gidanmu da na Gwaggo bai fi taku talatin ba, amma sai da muka huta sau biyu. Gwaggo tana ganin mu ta miƙe, ta tsaya, ba ta ce mu shigo ba, ba ta ce mu koma ba. Inna ta wuce kai tsaye ɗakin da aka yi wankan, ta zauna a ƙasa. Na bi ta zan zauna, na ce ni zan riƙa maimaita maganarta tunda ba ta fita sosai. Gwaggo ta ce in hita, ta san maganar ƙawarta tun ba a haife ni ba. Na fita, amma ban yi nisa ba, na laɓe bayan asabari. Ba na alfahari da hakan, ba kuma na nadama.

Inna ta daɗe tana haɗa kalmomin, ɗaya bayan ɗaya.

"Ƙawa, ruwa ne. Ruwan ciwon hanta, na sha ganin irin shi. Babu ciki. Babu komi. Ɗiyarki tsab ta tahi."

Sai ta ƙara da cewa ita ta yi wa yarinyar nan wankan farko ranar da aka haife ta, da ta kwance mata kitso ta ga tabon goshinta na faɗuwar da ta yi a rijiya tana ƙarama, sai zuciyarta ta karye, ta buɗe baki za ta yi kuka. Ba ta ƙarasa ba. Dariyar ta taso, irin ta ran nan sak, a ɗakin nan dai. Na runtse ido na ce shi ke nan, an koma gidan jiya.

Da na leƙa, Gwaggo ta durƙusa ta rungume kan Inna a ƙirjinta. Ɗaya na kuka, ɗaya na dariya, kuma ba ka iya cewa ga wadda ta fi wata jin zafi. Na koma gida ni kaɗai, na bar su.

Ba ni na kashe zancen a gari ba. Gwaggo ce ta tsaya a wani taron suna ta faɗi abin da aka faɗa mata, da wadda ta faɗa mata. Maganar da Inna ba ta taɓa yi ba a shekara talatin ta fi hatimina nauyi nesa ba kusa ba. Kafin damina dangin miji suka kawo yaran suka yi wa kakarsu sati biyu. Maganin da likita ya rubuta ya rage dariyar, bai ɗauke ta ba. Bayan kamar wata biyar harshen Inna ya tsaya gaba ɗaya.

Ina yawan tunanin na'urar nan ta Yamai, kuma ina gode wa Allah da waɗanda suka ƙera ta da masu aiki da ita. Ba ta warkar da Inna ba. Amma ba don ita ba, da mun yi ta yawo da tsohuwa daga mai rubutu zuwa mai turare, da ni na ci gaba da fushina, da kuma Inna ba ta san lokacinta na magana ƙidayayye ba ne har ya wuce. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata ukun nan da na ƙaurace mata, lokacin da bakinta ke aiki sosai. Su ba hoto ko magani da zai dawo mini da su. Na nemi gafararta, ta yafe da ka, don a lokacin da ka kawai take magana. Yanzu in na ga fuskar mutum ta yi abin da ban gane ba, nakan jinkirta kafin in yanke masa hukunci, ko da yaro ne a aji.

Inna ta ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni. Gwaggo ta kwaso tabarmarta ta dawo ɗakinta, ita ke ba ta koko da cokali kaɗan-kaɗan don kada ya sarƙe ta, ita ke juya ta, ita ke sa mata kwalli kowace safiya. Matan da Inna ta wanke wa iyaye suka dawo gaishe ta, wasu da kunya a fuska. Wani lokaci in baƙuwa ta shigo ta ambaci wata da ta rasu, sai dariyar ta kwace, baƙuwar ta daburce ta fara laluben takalmi. Sai Gwaggo ta sa gefen zaninta ta share wa Inna ido, ba tare da ta ko waiwayo ba ta ce:

"Zauna abinki. Kuka take yi."